Reshe Uku na Ɓauren Jarwal

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Yau wata uku ke nan da dawowata daga Ta'if, kuma sau huɗu ina fara rubutun ina yagewa. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, ina tsoron in rubuta abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin wani. Bayan wannan akwai sunan wata dattijuwa a ciki, sunan da na riga na yi wa laifi sau ɗaya. Sai da ita da bakinta ta ce, "Rubuta, Haruna, ai sunan ya riga ya fita," sannan na zauna. Duk abin da na faɗa a nan da idona na gani. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Ni mutumin ƙasar Kano ne, shekarata goma sha tara a Makka, yanzu ina gadin wani bene a Rusaifa. Kafin nan na yi shekara goma sha ɗaya ina haya a gidan Hajja Kaltume a Jarwal. Mahaifinta da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ya biyo ta Sudan, kuma shi ya dasa ɓauren da ke tsakar gidan, irin wanda Larabawa ke ce wa tin. 'Ya'yansa baƙaƙe ne ƙanana, cikinsu ja, kuma a tsakiyar zafin Makka, lokacin da ko kyanwa ba ta son taka ƙasa, a lokacin yake nuna. Ni nake ba shi ruwa. Ruwan alwalar gidan duka a gindinsa yake ƙarewa.

Da aka shafa wa bangon gidan jan fenti na rusau, Hajja tana kwance a asibiti. Na je na tambayi malamai biyu ko ya halatta in sari reshe, tunda cikin Harami muke. Dukansu suka ce abin da hannun mutum ya dasa babu laifi. Wadda ban tambaya ba ita ce mai itacen. Wani Balarabe da ke yawo a unguwar yana leƙa gidajen da za a rushe ya roƙe ni, na ba shi dami guda kyauta. Na dasa uku a gwangwanin fenti don Hajja, suka bushe a saman benen Rusaifa a makon da aka tura ni aiki Mina. Katafila ta tuge uwar. Hajja ta koma hawa na uku a Kudai wurin ɗanta, kuma shekara uku ba ta taɓa yi mini maganar itacen ba. Da faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Sai ranar wata Talata, cikin sanyi, jikarta Sumayya mai aiki a kantin magani ta nuna mana hoto a waya. Wai za a yi gwanjon rassan ɓaure a Ta'if ranar Juma'a. Ga itacen, ga koriyar ƙofar gidan Jarwal a bayansa, ga ma bokitina shuɗi mai fasasshen baki a gefe. Hajja ta daɗe tana kallo. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta ba ni riyal ɗari uku. Ta ce, "Ka samo mini ko guda ɗaya. Ina so in ga ganyensa kafin in tafi." Na ƙara ɗari biyu daga aljihuna, ina cewa a raina ai wannan ma ya yi yawa. Wa zai ba da kuɗi a kan guntun icce?

JUMA'A, RUSAIFA ZUWA KUDAI

Na fito ƙarfe biyar saura kwata, tun kafin kiran sallah. Sau biyu ina komawa. Na farko in duba ko na kashe injin da ke tura ruwa sama, na biyu in duba ko da na je dubawar farko na kulle ƙofa. Mai benen ya ba ni izinin yini ɗaya. Iƙamata, wato katin zama, na sa ta a aljihun ciki, kuɗin kuma a ɗaya aljihun. Tasi ta kai ni Kudai a riyal goma. Na yi Asuba a masallacin da ke jikin tasha, na sayi gurasar tamis ɗaya da wake, riyal huɗu, na kasa ci.

Motar Ta'if ƙarama ce mai cin mutum huɗu, riyal ashirin da biyar kowace kujera. Direban wani matashi ne, Bakur, cikin Hausawan da aka haifa a nan, Larabci ya fi masa sauƙi a baki. Da ya ji ina gaishe shi da Hausa sai ya yi dariya, ya kira ni Ammi, wato kawu.

"Ya Ammi, Ta'if cikin wannan sanyi? Aure za ka je nema?"

"Ɓaure zan je nema."

"Tin? Ba lokacinsa ba ne."

"Reshensa."

Ya dube ni ta madubi ya ce, "Kai ma kana cikin mahaukatan nan? Makon jiya na kai wani, ya rungume kwali tun daga nan har can, ya hana ni kunna na'urar ɗumi. Na zaci jariri ne. Itace ne, wallahi, irin wanda uwata ke hura wuta da shi."

Mun tashi shida da kwata.

HANYAR DUTSE

Daga Makka zuwa Ta'if ta hanyar Hada kilomita kusan casa'in ne. Mun wuce ta gefen Arfa, fili fayau babu kowa. Bakwai saura minti goma muka iso shingen 'yan sanda a gindin dutse. Tun ana saura motoci biyar na fito da iƙamata na riƙe. Ɗan sandan bai ko dube ni ba, ya ɗaga hannu muka wuce, ni kuwa sai na fara tunanin ko ya kamata in nuna masa duk da haka. Bakur ya ce, "Mayar da ita aljihu, ya Ammi, kada ka tuna masa aikinsa."

Daga nan hanya ta fara hawa, tana lanƙwasa kamar igiyar guga da aka yar. Kunnuwana suka toshe. Birai manya suna zaune a kan katangar gefen hanya suna jiran a jefa musu abinci, wani fasinja ya jefa musu rabin gurasata da izinina. Ban leƙa ƙasa ba ko sau ɗaya. Salati nake yi, ina kuma shirya abin da zan faɗa wa Balaraben: ni ne na ba ka, ka ba ni ɗaya. A ganina magana ce da ba ta buƙatar ƙari. A garinmu in mutum yana son ceɗiya a ƙofar gidansa, gidan maƙwabci yake zuwa da gatari, a saro masa reshe, ya ce Allah Ya saka. Ban taɓa jin an yi cinikin reshe ba.

Takwas da minti goma muka shiga Ta'if. Sanyin da ya tare ni da na buɗe ƙofa, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin irinsa ba.

TA'IF, WURIN ILIYA

Wani abokin aikina ya haɗa ni da Iliya, mutumin Maraɗi, shekararsa tara yana aiki a gonar rumman da fure a bayan gari. Ya zo ya ɗauke ni a motar gonar, ya ba ni rigar sanyi mai warin taki, ya dafa shayi. Da na nuna masa hoton sai ya ajiye kofi.

"Malam Haruna, nawa ka zo da shi?"

"Ɗari biyar."

"To Allah Ya sa."

Na ce ya yi mini bayani, don ni kaina ya ɗaure. Ya ja ni bayan ɗakinsa ya nuna mini wani ɓaure da ya zubar da ganye. Ya ce in ka shuka ƙwayar ɗan ɓaure, abin da zai fito ba uwarsa ba ce, wani abu ne dabam, sau da yawa ma marar amfani. Amma in reshe ka yanka ka dasa, to itacen nan ne da kansa ya sake tashi, ɗanɗanonsa, launinsa, komai. Saboda haka duk wanda yake son wani ɓaure na musamman, dole sai ya sami reshe daga hannun wanda yake da shi.

"Akwai masu tara su," in ji Iliya, "kamar yadda wasu a gida ke tara tantabaru. Mutum yana da iri ɗari a gidan gonarsa, na Sham, na Turkiyya, na ƙasashen Turawa, amma in ya ji akwai ɗaya da babu a wurinsa, barci ba ya ɗaukarsa. Kuma wanda ya fara saye shi ke cin riba. Ya dasa bana, baɗi waccan ya yanka hamsin ya sayar. Kafin shekara biyar kowa yana da shi, a lokacin ko kyauta ba mai karɓa."

"To me ya sa ba za su jira ba?"

"Kai me ya sa ba ka jira ba?"

Ban ji daɗin wannan tambaya ba, don ni ba don alfahari na zo ba.

Sannan ya ba ni shawara, ya maimaita ta sau uku. Ya ce matsalar masu sayen nan ɗaya ce, ba su yarda da juna ba. Reshe ba ganye ba 'ya'ya, kowane iri kama ɗaya, sai bayan shekara biyu mutum ke gane an cuce shi. Don haka in babu shaida, farashi ba ya nisa. Mai kayan kuma ba ya fito da duka, kullum akwai saura a bayan mota. "Ka zauna ka yi shiru. Ko me ka ji, ka yi shiru. In an tashi, mu bi shi mota, mu sayi ɗaya a farashin da aka tsaya." Na ce na ji.

Mun yi Juma'a a masallacin ƙauyen da ke kusa da gonar, muka ci shinkafa da kaza a wani ɗan shago, riyal goma sha biyu rabin kaza. Iliya ya hana ni biya.

WURIN GWANJO

Bayan La'asar, huɗu da kwata, muka isa wani gidan gona, kilomita goma sha biyu daga gari. Motocin da na gani a ƙofar, ko wadda ta fi araha a cikinsu ta isa ta gina gida a garinmu. Maza kusan arba'in suna zaune a kan darduma, ana zagayawa da gahawa da dabino. A kan tebur ga rassa a ƙunshe cikin leda, kowane ƙunshi da takardarsa.

Na gane Balaraben da na ba damin rassa nan take. Abu Nawwaf suke ce masa. Ya ƙara ƙiba, amma muryar tana nan. Kafin Iliya ya riƙe ni na riga na isa gabansa na yi sallama.

"Ni ne na Jarwal, wanda ya ba ka rassan nan."

"Ban san ka ba, ya Hajji."

"Bokitina ne a hotonka."

Ya yi murmushi ya ce, "Zauna ka sha gahawa. In kana so ka taya kamar kowa."

Na koma na zauna kusa da Iliya.

Aka fara. Dillali ya ɗaga ƙunshi ya faɗi sunansa da ƙasarsa, a taya. Wani ya tafi a tamanin, wani ɗari da hamsin, wani ɗari huɗu. Na ga dattijo mai furfura yana shinshina guntun icce, yana kankare ɓawonsa da farce ya ga ko kore ne. Biyar da rabi aka zo kan namu. Reshe uku, kowanne tsawon taƙi ɗaya, kaurin ɗan yatsa. Dillali ya ɗaga su sama ya ce wannan baƙin Jarwal ne, itacen shekararsa ɗari uku, wani gwamnan Turkawa ya kawo shi, yana nan har yau a wani ɓoyayyen gida kusa da Harami, masu gidan ba sa barin kowa ya shiga.

Iliya ya danne mini gwiwa.

Aka fara daga ɗari biyu. Aka kai ɗari shida, aka kai ɗari tara, sai abin ya tsaya. Wani daga baya ya ce, "Wa ya ce na Makka ne? Bara ma na sayi na Makka, da ya yi 'ya'ya sai ga shi irin na bakin titi." Aka yi dariya. Dillali ya yi ta kira, ba mai ƙarawa. Iliya ya raɗa mini, "Ɗari tara uku. Ɗaya ɗari uku ke nan. Mun samu, Malam. Yi shiru."

Ku yi mini adalci a nan. Dillalin ya sake cewa gwamnan Turkawa, har ya rantse. Ni kuwa na san wanda ya dasa itacen nan. Na san ya yi shekara huɗu a hanya, ya binne ɗa a Sudan, ya yi dakon ruwa a Makka har bayansa ya lanƙwashe. Hajja ta faɗa mini ba sau ɗaya ba. Ina zaune ana rantsuwa a kan ƙarya, ana ɗauke aikin talaka ana ba wani gwamna da ba a taɓa yi ba, in na yi shiru don in sami araha, ranar gobe me zan ce? Ban san lokacin da na miƙe ba.

Da Larabcina na kasuwa na ce, "Wannan ƙarya ce. Babu gwamna. Bahaushe ne ya dasa shi, mahaifin Hajja Kaltume, bai fi shekara saba'in ba. Ni na ba shi ruwa shekara goma sha ɗaya. Ni na sari rassan nan na ba mutumin nan kyauta, ko riyal bai ba ni ba. Kuma babu wani ɓoyayyen gida. An rushe gidan, katafila ta tuge itacen ina tsaye ina kallo."

Na zaci za su tashi su watse, ko su kama shi. Sai na ga wayoyi sun ɗago suna ɗaukata. Wani mai tabarau a sahun gaba, wanda suke kira Daktor, likita ne daga Jidda, ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Ya Hajji, uwar ta mutu? Ka gani da idonka?"

"Da idona."

"Akwai wani mai shi bayan Abu Nawwaf?"

"Nawa uku sun bushe."

"Kuma da gaske yana nuna a cikin zafin Makka? Ba ya zubar da 'ya'ya?"

"Ni nake tsinka. Sai na riga tsuntsaye tashi."

Ya juya ya ce wa dillali, "Dubu da ɗari biyar."

Jama'a, abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Mutumin da ya ce na bakin titi ne shi ya ce dubu biyu. Dattijo mai shinshina ya ce dubu biyu da ɗari biyar. Ina tsaye ina cewa ku tsaya, ba haka nake nufi ba, ba mai ji na. Dillalin da ya rantse da gwamna minti biyar da suka wuce, ko kunya babu, ya canza kira: "Tin Hajja Kaltum! Uwar ta mutu! Ga shaida a tsaye!" Sunan dattijuwa mai shekara tamanin da wani abu, wadda ko maƙwabta ba sa kiran sunanta gatsau, ga shi a bakin maza arba'in ana ɗaga shi kamar akuya a kasuwa. Ni na ba su shi.

An tsaya a dubu huɗu da ɗari biyu. Daktor ya ɗauka. Iliya ya rufe fuskarsa da hula.

BAYAN AN TASHI

Abu Nawwaf, wanda bai san ni ba ɗazu, ya zo ya rungume ni yana cewa ɗan'uwana, yaushe rabo. Na ture hannunsa na ce reshe ɗaya nake so, ga ɗari biyar, mai itacen ce ta aiko ni. Ya ce wallahi da zai iya da ya ba ni, amma yanzu ya yi wa Daktor alkawari a gaban jama'a cewa bana uku ne kawai za su fita, in na huɗu ya fita sunansa ya ɓaci. Yau shi ne mai tsoron saɓa alkawari. Sannan ya ce akwai wani gwanjon a Jidda baɗi, in zan zo in maimaita abin da na faɗa, zai biya ni kuɗin mota da na wahala. Na ce masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Na yi istigfari daga baya, amma ban janye ba.

Na bi Daktor har motarsa. Shi dai bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ce yana da iri ɗari da ashirin, amma duk lokacin zafi sai su zubar da 'ya'ya, shekara goma yana neman wanda zai jure. Ya ce, "Ba icce na saya ba, ya Hajji. Maganarka na saya. Mutum ba ya yin fushi irin naka a kan ƙarya." Na roƙe shi ɗaya daga cikin ukun. Ya ce uku ya saya don ba duka ke kamawa ba, wani lokaci ɗaya ke tsira. In sun kama, bayan shekara biyu in zo ya ba ni har tukunya. Ya rubuta mini lambarsa.

Na ce, "Shekararta tamanin da huɗu."

Ya ce, "Rai na hannun Allah." Ya sa ledar a cikin akwatin sanyi, ya ɗaura wa akwatin bel a kujerar gaba, ya ja mota.

Hazo ya sauko kafin Magariba, aka rufe hanyar dutse. Dole na kwana wurin Iliya, na buga wa mai benenmu waya na ba shi haƙuri sau uku. Iliya ya tuƙa tuwo da miyar kuka, ya ba ni bargo biyu. Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Abin da ya ce kawai, "Malam, kai da an kai ka kotu, lauyan abokin gabarka hutawa zai yi."

ASABAR, KOMAWA TA SAIL

Hanyar dutse tana rufe har safiya, sai muka biyo ta Sail, wadda ta fi tsawo, kilomita ɗari da 'yan kai, riyal talatin. Mun tashi bakwai da rabi. Direban Bayamane ne, ba ya magana. A miƙatin Sail muka tsaya wani fasinja ya ɗaura harami. Na tambayi mutum uku ko ni ma sai na ɗaura kafin in shiga Makka, duka suka ce tunda gida zan koma ba Umara na yi niyya ba, babu komai.

Ina tsaye ina kallon masu Umara suna fitowa cikin fararen mayafai, sai wani abu ya faɗo mini a rai. Na tuna. Ranar da na sari rassan, ba Abu Nawwaf kaɗai na ba. Akwai wani dattijo Bahaushe da ya zo Umara, ya sauka a gidan da ke jikin namu. Ya ga ina sara, ya ce yana da lambu a gida, na ba shi huɗu ko biyar, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ya tura cikin butar roba. Da Daktor ya tambaye ni ko akwai wani mai shi, ban ambace shi ba. Wallahi mantawa na yi. Amma ga shi mutum ya biya dubu huɗu a kan maganata, maganar kuma ba ta cika ba. A nan miƙatin na buga masa waya na faɗa masa. Ya tambaya, "A Najeriya?" Na ce e. Ya yi dariya ya ce wannan bai dame shi ba, can ba kasuwarsa ba ce.

Mun wuce shingen shiga Makka tara da kwata. Wannan karon an karɓi iƙamata an duba. Goma saura minti ashirin na sauka a Kudai.

HAWA NA UKU

Na daɗe a ƙofar benen kafin in hau. Sumayya ta buɗe mini. Abin da na fara gani a baranda shi ne gwangwanin madara babba, an huda gindinsa, an cika shi da ƙasa, an jiƙa. Hajja ce ta sa aka shirya tun ranar Alhamis.

Na durƙusa na mayar mata da ɗari ukunta, na faɗa mata komai, har da sunanta da na saki a cikin maza. Na ce ta yafe mini rassan da na bayar ban tambaye ta ba, ta yafe mini bakina. Ta saurara har na gama.

"Ka gan su da idonka?"

"Na gan su, Hajja."

"Ɗanyu ne?"

"Ɗanyu shar. An kankare ɓawon, kore ne."

Ta ce, "Ashe yana da rai." Ta maimaita, "Ashe yana da rai." Sannan ta tambaye ni ko na faɗa musu Baba ne ya dasa, na ce na faɗa. Ta ce, "To gwamnan ya tafi ke nan." Ta yi dariya har ta yi tari. Ni ban yi dariya ba, kuma har yau in na tuna fuskar dillalin nan sai abinci ya fita raina. Na faɗa mata likitan ya ce shekara biyu. Sumayya ta tashi za ta ɗauke gwangwanin, Hajja ta ce, "Bar shi nan. Kada a zubar da ƙasar."

Na isa Rusaifa kafin Azahar, injin ruwa a kashe, ƙofa a kulle. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Iliya da bargonsa da shawarar da ban bi ba.

Yanzu ga dalilin wannan rubutu. Ina roƙon duk wanda ya karanta, musamman mutanen ƙasar Daura da na bakin iyaka, ya taimake ni da labarin dattijon nan. Sunansa Alhaji Mamman ko Alhaji Mamuda, ban tabbata ba. Dogo ne, siriri, ɗan yatsansa na ƙarshe a hannun hagu ya guntule. Ya ce mini daga ƙasar Daura yake, yana da lambu a bakin fadama, yana noman albasa da rani. Ya zo Umara cikin sanyi, shekara uku da 'yan watanni ke nan, ya sauka a Jarwal. In kun san lambun da ke da wani baƙon ɓaure, gajere, mai faɗin ganye kamar tafin hannu a buɗe, 'ya'yansa baƙaƙe masu jan ciki, to shi ne. Ku ce masa mai gadin da ya ba shi rassa yana roƙon ɗaya, tsawon taƙi, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma yadda ya tafi da shi, a ba duk mai zuwa Umara, ya tambayi Haruna mai gadi wurin masu shayin Hausawa a Kudai. Kada ku faɗa masa nawa aka saya a Ta'if sai bayan ya yanka. A'a, ku faɗa masa, kada in sake ɓoye wani abu. Hajja tana zuba wa gwangwanin nan ruwa kowace safiya.